Wa Ya Ƙone Motar Mai Lofe?

Shafi na 19

Assalamu alaikum mutanen zaure. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce in ban saki shafin nan yau ba ta daina gaishe ni. Hajiya, ga shi nan, a ci gaba da gaisawa. Ku kuma masu zagin Baba Ɗanliti tun shafi na huɗu, ku matso kusa, yau da ku nake.

* * *

Saura kwana huɗu, ƙofar motar ta ƙi rufuwa.

Malami ya tura ta a hankali, ta dawo. Ya tura da ƙarfi, ta yi wata ƙara ta dawo ta bugar masa gwiwa. Ya koma ya zauna a kan tsohuwar taya a bakin maƙerar Husaini, ya zuba wa motar ido, ransa duk a jagule.

Shekara biyu ke nan da wuta ta cinye jar motar nan mai kujera biyu, marar rufi, ta Baturen Gona da mutanen Shagari ke kira Mai Lofe. A hannun Malami ta ƙone, shi da yake direbansa kuma makanikensa, lokacin da Baturen ya tafi hutu ƙasarsu ya bar masa ajiyarta a rumfar zana bayan gidan mahaifinsa. Gari ya ce guntun sigari ya yar. Bature ya dawo ya rubuta a takardar shaidarsa cewa mutum ne mai sakaci da wuta, ya bar masa gawar motar ya ce ya yi yadda ya ga dama da ita. Tun daga ranar, daga Sakkwato har Jega, babu mai motar da ya yarda Malami ya taɓa masa ko noti.

Yanzu ga mulkin kai ya zo, ran Asabar za a sauke tuta a ɗaga tuta. Garejin gwamnati a Sakkwato na neman 'yan Arewa masu hannu, amma sai mai takarda mai tsabta. Mai Lofe zai tsaya a barikin Bodinga ran Alhamis kafin ya tafi gida gaba ɗaya, kuma ya aiko da magana: in motar ta iso gabansa da ƙafarta, zai zauna ya sake takardar. Tambaya ɗaya zai yi, yadda wutar ta tashi, kuma abin da aka gaya masa shi zai rubuta.

Inji ya tashi tun makon jiya. Husaini ya buge ƙarafan jikin sun miƙe, dukawa sun ɗinke kujerun da jar fatar akuya mai taushi. Abin da ya gagara shi ne itace. Irin wannan mota, a ƙarƙashin ƙarfenta akwai haƙarƙari na itace, shi ke riƙe ƙofofi da bayanta, shi ne kuma wuta ta fara lashewa. Kafintan Bodinga ya yi iyakar ƙoƙarinsa da katako da ƙusa, to amma bawan Allah teburi da benci ya sani, motar nan kuwa ko'ina a jikinta lanƙwasa ce.

"Mu ɗaure ta da igiya mana," in ji Husaini yana jan zugazugi. "Bature ya ce ta zo da ƙahwatta, bai ce ta zo da ƙohwa ba."

"Mil goma sha biyat, Husaini. Ramin hwarko za ta watse."

"To sai mu kai mai ita cikin kwando."

Malami bai yi dariya ba.

Suna cikin haka sai ga Rabi, matar Malami, ta ɓullo daga lungu da 'yarsu Mairo a goye, tana kore da jaki. An ɗora wa jakin wani kaya mai nauyi naɗe cikin tsohuwar tabarma. Malami ya san jakin, kunnensa ɗaya a tsage yake.

"Mine na wanga?"

"Saƙo na," Rabi ta ce, idonta a ƙasa. "Daga wurin Baba."

Zugazugin Husaini ya tsaya.

Baba Ɗanliti shi ne Sarkin Sassaƙa na Shagari, Malami kuma ɗansa na fari. Kun san yadda kunyar ɗan fari take a wajen mutanen da. Shekara talatin da biyu, tsohon nan bai taɓa furta sunan Malami ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. Sai dai "yaron ga", sai kuma "a ce mai". Bayan gobara abin ya ƙara tsanani. A gaban jama'a Baba ya ce shi bai taɓa duban wannan mota ba kuma ba zai taɓa ba, Malami ya kwashe iyalinsa ya bar gidan da baƙin ciki.

Husaini ya kwance tabarmar.

Itatuwa bakwai ne, na ƙirya, jajaye-jajaye, kowanne da irin lanƙwasarsa. An sassaƙe su an goge har suna sheƙi. Babu tabon zarto ko ɗaya, duk aikin gizago ne.

Malami ya ɗauki guda ya juya shi. Ya tashi ya ɓamɓare katakon kafinta daga gefen ƙofa, ya kara na ƙiryar. Ya zauna daram. Ya ɗauki na biyu, ya zauna. Na uku yana da wata 'yar tsaga a cikinsa da Malami bai gane amfaninta ba, sai da ya kwanta a ƙasa ya cusa shi ƙarƙashin kujera. Tsagar ta faɗa daidai kan wani ƙarfe da ke riƙe bututun mai, wurin da ba mai ganinsa sai wanda ya kwanta rigingine a ƙarƙashin motar.

Ya fito a hankali, ƙasa duk a ƙeyarsa.

"Rabi."

"Na'am."

"Yaushe Baba yag gwada motag ga?"

Ta gyara goyo. "Ran Juma'a yakan zo in kun tahi kasuwa. Da karan dawa shi ka awo. Ya ce kar in hwaɗi."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Husaini ya yi salati. Malami dai yana shafa itacen da babban yatsa.

"Akwai sauran saƙo," Rabi ta ce. "Ya ce a ce maka, icen ga gara ba ta cinai. Ko shekara ɗari yay yi."

Yatsan Malami ya tsaya.

"Mi kic ce?"

"Gara ba ta cinai."

"Wa yay yi maganag gara?"

"Ni dai haka yac ce."

Malami ya ajiye itacen. Watan jiya, da yake kankare ragowar tsohon itacen da wuta ba ta gama ci ba, ya ga hanyoyin gara a ciki, sun huda shi kamar rariya. Bai gaya wa kowa ba, ko Husaini. Ya jefa guntun a wutar maƙera ya manta.

Ya je ya buɗe akwatin sufanunsa, ya tona can ƙasa, ya fito da wani ƙullin tsumma. Guntayen kasko ne guda uku, baƙi ƙirin. A cikin toka ya tsince su washegarin gobara, daidai ƙarƙashin tankin mai. Shekara biyu yana ajiye da su yana tambayar kansa abin da ya kai kasko ƙarƙashin mota.

"Rabi, ajiye jakin ga. Taho mu tahi."

"Ina?"

"Ke dai taho. Ina bukatar baki."

* * *

Baba Ɗanliti na ƙarƙashin tsamiyarsa a bayan gari, ya rungume wani turmi tsakanin ƙafafunsa yana rarake cikinsa. Rana ta take, amma rigarsa mai dogon hannu ce kamar kullum. Ya hango su tun daga nesa. Gizagon bai tsaya ba.

Malami ya tuɓe takalmi ya tsuguna nesa kaɗan. Rabi ta durƙusa a tsakiya.

"Barka da aiki, Baba."

"Rabi, ce mai barka kadai. Tambayi mi yak kawo shi da ranag ga."

Malami ya kwance tsumman, ya jera guntayen kaskon a kan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

Gizago ya tsaya a sama.

"Rabi," in ji Malami, "tambayi Baba, wa yah hwaɗa mai akwai gara cikin motag ga?"

Rabi ta dubi wannan ta dubi wancan. "Baba, wai ya ce..."

"Na jiya."

Mairo ta miƙa hannu daga goyo tana son kama ɓawon itace.

"Tambaye shi kuma," Malami ya ci gaba, "mutumin da bai taɓa duban mota ba, ina yas san ƙarhen da ag ga ƙarƙashin kujera? Can karan dawa ba shi kaiwa. Sai an kwanta."

Baba ya ajiye gizagon. Ya daɗe yana kallon guntayen kaskon. Sannan ya ɗauki guda ya juya shi a tafinsa, kamar yadda ɗansa ya juya itacen ɗazu.

"Kaskon uwatai na," ya ce a hankali. "Wanda ta ka turare da shi."

Rabi ta dafe ƙirji.

"Ce mai ran Talata ta. Na zagaya bayan gida neman ƙota, sai nig ga gara ta gina hanya bisa taya ta shige ciki. Nik kwanta nil leƙa. Ta kama icen tana ci. Ajiyab Bature, ga hannun yaron ga, kuma a gidana."

"Baba, mi yah hana ka hwaɗa mai?" Rabi ta tambaya. Wannan tambayar tata ce, ba wanda ya aike ta.

"In hwaɗa mai ta bakin wa? Ke kina gidanku Horo Birni wurin goyon ciki. Uwatai ta riga mu gidan gaskiya. Gidan ga daga ni sai shi. In tare shi a zaure in ce mai mi?"

Jama'a, ni dai wannan kunya tamu wani lokacin haushi take ba ni. Mutum biyu a gida ɗaya, ɗaya na zaure ɗaya na tsakar gida, magana guda ta gagara ƙetare soro.

"Nic ce abin da ni ka yi ma rumbu shi za ni yi mata," Baba ya ci gaba. "Garwashi cikin kasko, busasshen kashin shanu bisa, hayaƙi shi kore su. Shekara arba'in ina yin haka, rumbuna bai taɓa kamawa ba. Nib bari yaron ga ya hita, nit tura kaskon ƙarƙashi, nit tahi sallar azahar. Ni ina nis san ruwan cikinta na ɗiga? Ina nis san ruwa na cin wuta?"

Ya kama hannun rigarsa na dama ya naɗe shi har gwiwar hannu. Fatar wurin ta tattare, fari-fari da ja, tun daga wuyan hannu. Malami ya san da ƙunar. An ce masa wurin kayar da itace da wuta Baba ya same ta.

"Ina sallamewa nij ji ihu. Na riga kowa isa. Nis sa hannu in jawo kaskon, shi na yah hwashe."

Malami ya miƙe tsaye. Bai taɓa tsayawa a kan mahaifinsa yana zaune ba sai yau.

"Shekara biyu, Baba!"

Ba ta bakin Rabi ya faɗa ba. Kai tsaye ya faɗa.

"Shekara biyu ana ce mini Malami Gobara! Na rantse da Alƙur'ani gaban Bature ban sha taba ba ranag ga, yad dube ni awa ɓarawo. Kana tsaye! Kana ji! Ranar sunan Mairo ko rago ban iya yankawa ba, sai da Husaini yab ba ni ɗan akuya. Kana gani, Baba!"

"Maigida, don Allah," Rabi ta ce tana kuka.

Baba bai ɗago ba. Ga mamakin Malami, sai ya ga hawaye na bin gemun tsohon yana ɗiga cikin turmin.

"Rabi, ce mai gaskiyatai. Ce mai da mutane sunka taru, wani yac ce taba ta, na buɗe baki. Sai nig ga in na hwaɗi, sai an ce don mi kay yi? In ce don yaron ga, gaban gari dut? Nic ce bari sai gobe. Gobe taz zo, nic ce jibi." Ya share fuska da bayan hannu. "Da hwarko kunya ta. Ce mai daga baya ba kunya ba ta, tsoro na. Ni Ɗanliti tsoro nij ji, nib bar ɗana ya ɗauki kayana."

Ɗana. Malami ya ji kalmar ta daki ƙirjinsa. Ya koma ya tsuguna.

Fushin bai tafi duka ba, kada in yi muku ƙarya. Amma ya dubi ƙunar nan, ya tuna itatuwa bakwai da ke jiran sa a maƙera. Ƙirya ba ta sassaƙuwa ɗanya, sai ta shekara tana bushewa. Ke nan tun makon gobara tsohon ya shiga daji ya kayar da ita, da wannan hannun da ko warkewa bai yi ba.

"Ran Alhamis za ni Bodinga," in ji Baba. "Ce mai ni za ni ba Bature amsa."

Malami ya ɗago da sauri. Ya hango abin kamar yana gabansa: barandar bariki, mutanen hakimi, malaman gona, 'yan kallo. Sarkin Sassaƙa, mai shekara saba'in, ya tashi ya ce shi ya yi wa mota turaren rumbu. Kafin la'asar labarin ya kai Tambuwal. Har ya mutu yara na binsa da waƙa.

"Rabi, ce ma Baba ba shi zuwa."

"Ce mai za ni."

"Ce mai babu wuri."

Baba ya ɗauki gizagonsa ya gwada kaifinsa da yatsa.

"Ce mai kujera biyu ta cikin motag ga. Na ƙirga."

* * *

Washegari da hantsi mutanen Shagari suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Baba Ɗanliti ya ratso kasuwa da gizago a kafaɗa, ya nufi maƙera, ya naɗe riga ya kwanta ƙarƙashin motar da ya rantse ba zai duba ba.

Kwana uku suka yi suna aiki, Husaini ya zama bakinsu.

"Husaini, ce ma abokinka shi ɗaga gehen can."

"Ya ce ka ɗaga."

"Husaini, ce ma Baba ramin notin ya yi kaɗan."

"Ya ce ramin..."

"Na jiya! Kurma ni ke?"

Wani lokaci kan uban da na ɗan na gab da haɗuwa a ƙarƙashin mota, Husaini na can bakin wuta, sai an ƙwala masa kira ya zo ya tsuguna ya isar da maganar da kowa ya riga ya ji. A rana ta biyu ya ce shi wallahi ƙira ta fi masa sauƙi.

Malami na satar kallon hannun mahaifinsa. Tsohon ba ya awo sau biyu. Ya shafa ƙarfe, ya shafa itace, ya ɗauke ɗan ɓawo siriri da gizago, shi ke nan. Shi ma Baba, in Malami ya duƙa yana daidaita kafiretar inji da kunne, yakan dakata da aiki ya yi shiru yana kallo. In Malami ya waiwayo sai ya hau duban sama kamar mai neman hadari.

Ran Laraba da la'asar aka ɗaura ƙofa. Malami ya tura ta da yatsa ɗaya.

Ƙyas!

Ta rufu. Ya buɗe, ya sake turawa. Ƙyas! Husaini ya jefa hularsa sama. Rabi, da ta kawo fura, ta saki guɗa ba ta san ta yi ba, sannan ta tuna surukinta na wurin ta rufe baki da mayafi.

"Husaini," in ji Baba yana karkaɗe riga, "ce mai ba laihi."

A bakin Baba Ɗanliti, wannan yabo ne mai yawa.

* * *

Ran Alhamis da safe Malami ya sa hannun tayarwa a hancin motar ya murɗa. Ta yi tari. Ya sake murɗawa, ta ɗauka da wani gurnani da ya watsa kajin unguwa. Baba ya fito cikin farar rigarsa ta Idi da rawani, ya yi bisimilla sau uku, ya shiga da ƙafar dama, ya zauna ƙiƙam, hannu ɗaya a rawani ɗaya a ƙofar da ya sassaƙa.

Bai taɓa shiga mota ba a rayuwarsa.

Suka hau hanya. Gero ya nuna a gonaki dama da hagu, manoma na ɗagowa daga yanka suna nuna su da lauje. Wasu sun gane motar, sun saki baki. A rami na farko motar ta yi tsalle ta dire, Malami ya kasa kunne. Babu abin da ya yi ƙara a jikinta. A rami na biyu Baba ya ja Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Babu Rabi, babu Husaini, saboda haka babu magana. Amma da suka samu shimfiɗaɗɗen wuri Malami ya ɗan taka totur, iska ta figi jelar rawanin tana kaɗawa a baya, sai ya ji wani sauti a gefensa. Ya saci kallo. Tsohon dariya yake, baki buɗe, duk giɓinsa a waje.

A nan Malami ya yanke shawara. Mota ta tashi, Bature zai gani da idonsa. Ko ya sake rubuta sakaci, ai zai rubuta cewa hannun nan ya iya aiki. Wataƙila garejin su karɓa. Wataƙila su ce mai wasa da wuta ba ya kusantar fetur, shi ke nan ya koma gyaran keke har tsufansa. Ya auna duka biyun, zuciyarsa ta yi nauyi ƙwarai. Amma ba zai bari a yi wa wannan tsohon dariya a Bodinga ba.

Barikin ya cika. An kafa sabon sandan tuta a fili ana shafa masa farar ƙasa saboda jibi. Mutanen hakimi na zaune a tabarma, malaman gona na tsaye da takardu, ga akwatunan Bature an jera a baranda. Da jar motar ta shigo, hira ta mutu.

Mai Lofe ya sauko daga baranda a hankali. Ya rame, gashinsa ya ƙara fari. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya shafa kujerar fata. Ya leƙa inji. Ya kama ƙofa ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, har sau uku. Sannan ya duƙa ya ƙwanƙwasa itacen da gindin lofensa.

"Wannan ba itacen Ingila ba ne," ya ce da Hausarsa ta Turawa.

"Ƙirya ta, ranka shi daɗe."

"Ya fi na da." Ya miƙe ya dubi Malami, idonsa ya ɗan yi ja. "Na ce ba za ka iya ba. Na yi kuskure. Zo."

Ya zauna a teburi, ya jawo farar takarda mai hatimi, ya cire murfin alƙalami. Malami ya tsuguna a gaban baranda. Ta wutsiyar ido ya ga Baba na kokawa da ƙofa yana neman fitowa, bai san inda ake murɗawa ba. Alhamdu lillahi, in ji Malami a ransa.

Bature ya rubuta layi uku, ya karanta da ƙarfi. Makanike ne na ƙwarai. Ya ta da matacciyar mota da hannunsa. Ya yi shekara shida yana tuƙi bai taɓa buge ko akuya ba.

Jama'a suka yi kabbara ƙasa-ƙasa.

"Saura layi ɗaya," in ji Mai Lofe. "Garejin za su tambaya. Shekara biyu da suka wuce ka rantse mini ba kai ba ne. Yau zan tafi, ba ni da abin da zan yi maka. Gaskiya kawai nake so. Yaya wuta ta tashi?"

Malami ya sunkuyar da kai.

"Ni na, ranka shi daɗe."

"Kai ne?"

"Sigari na. Na yar, ban taka ba."

Fuskar Bature ta sauya. Ya girgiza kai a hankali, ya ja dogon numfashi, ya ɗora bakin alƙalami a kan takarda.

A bayansu ƙofar mota ta yi ƙyas.

"Ƙarya ka kai, Malami!"

Malami ya daskare a tsugune. Ba ƙaryar ya ji ba. Sunan ya ji. Shekara talatin da biyu, bai taɓa sanin yadda sunansa yake a wannan muryar ba, sai yau, a gaban mutanen Bodinga.

Baba Ɗanliti ya ratso taron, rawani a karkace, yana naɗe hannun rigarsa na dama. Ya tsaya a gaban teburin ya miƙa ƙunar ƙarƙashin hancin Mai Lofe.

"Bature, ɗaga alƙalamin ga," ya ce. "Ni na ubanai. Kuma ni nis sa wutag ga."